Eric Liddell (1902–1945): Gwanin Tsere Da Ya Miƙa Wa Ubangiji Dukan Ransa

 Na zaɓi in kawo tarihin wani Bature ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Eric Liddell, wanda ya riga mu gidan gaskiya tun shekarar 1945. Waɗansu daga cikinmu sun san shi ta fim ɗin nan na shekarar 1981 mai suna Chariots of Fire, wato ɗan tseren nan da ya ƙi yin gudu ran Lahadi a wasannin Olamfik na birnin Faris, sa'an nan ya ci lambar zinariya a wani tsere dabam. Labarin gaskiya ne, sai dai abin da ya faru a Faris bai wuce mako guda ba cikin rayuwa ta shekara 43. Abin da nake so mu duba tare, 'yan'uwa, shi ne sauran shekarun: yadda mutumin nan ya yi wa Allah biyayya a cikin aji, da ƙauye, da sansanin fursuna, inda babu 'yan kallo balle masu tafi.

Haihuwa da makarantar kwana

An haifi Eric Henry Liddell ran 16 ga Janairu, 1902, a birnin Tianjin da ke arewacin ƙasar Sin. Mahaifinsa, Rabaran James Liddell, da mahaifiyarsa Mary, wadda ma'aikaciyar jinya ce, 'yan mishan ne daga Sikotilan, suna aiki ƙarƙashin Ƙungiyar Mishan ta Landan a wani ƙauye da ake kira Siaochang. Eric shi ne ɗa na biyu a gidan. A shekarar 1908, yana da shekara 6 da haihuwa, aka sa shi tare da wansa Rob a makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan mishan a Landan, wadda ta koma sabon mazauni a 1912 aka riƙa kiranta Kwalejin Eltham. Iyayen kuwa suka koma bakin aikinsu a Sin. A zamanin nan tafiyar makonni ce tsakanin ƙasashen biyu, saboda haka yaran kan yi shekaru ba su sa iyayensu a ido ba, sai dai wasiƙa.

Mu da muka yi makarantar kwana mun san kewar gida ta wata uku, mun kuma san yadda ɗalibi kan ƙirga kwanakin da suka rage a ba da hutu. To, a kwatanta wannan da yaron da ya yi shekara 12 a makaranta, amma haɗuwarsa da iyayensa ba ta wuce sau biyu ko uku ba. Eric ya tashi yaro mai kunya, marar yawan magana. A aji yana taɓa abin kirki daidai gwargwado, a filin wasa kuwa ba a kama ƙafarsa, har ya zama kyaftin na 'yan wasan kurket da na zari-ruga. Duk da haka shugaban makarantar ya shaide shi da cewa ba shi da girman kai ko kaɗan. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Jami'a da filin wasa

A shekarar 1920 ya shiga Jami'ar Edinbara don karatun kimiyya. Nan da nan sunansa ya game ƙasar. A 1922 da 1923 ya buga wa Sikotilan wasan zari-ruga har sau 7. A watan Yuli na 1923, a gasar zakarun Birtaniya da aka yi a Landan, ya gama tseren yadi 100 cikin sakan 9.7, abin da ba wani ɗan ƙasar da ya taɓa yi kafinsa. Mako guda bayan haka, a garin Stoke, ana fara tseren yadi 440 sai wani ɗan tsere ya bangaje shi ya faɗi. Kafin ya tashi an ba shi rata mai nisa, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya wuce na gaba, ya zo na ɗaya, kana ya zube ƙasa don gajiya. Salon gudunsa ma abin kallo ne, domin yakan ɗaga kai sama, baki buɗe, hannuwa suna ta wutsil-wutsil, har masana wasanni suna yi masa dariya.

Amma abin da shi kansa ya ɗauka mafi muhimmanci a wannan shekara ya faru ne a watan Afrilu. Wata ƙungiyar ɗalibai masu wa'azin bishara tana taro a Armadale, wani garin masu haƙar kwal tsakanin Gilasgo da Edinbara, mazajen garin kuwa ba su da niyyar zuwa sauraren wa'azi. Sai wani ɗalibi mai suna D. P. Thomson ya je wurin Eric ya roƙe shi ya zo ya yi musu magana, da tunanin cewa wanda ba zai fito don fasto ba zai fito don ganin zakaran tsere. Tsayawa gaban jama'a shi ne abin da Eric ya fi jin tsoro. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya amsa. Ya je ya yi magana a hankali, da muryarsa marar ƙarfi, ba ado ba kwalliya. Daga ranar nan har ƙarshen ransa bai daina ba da shaidar bangaskiyarsa ba, ko da yake bai taɓa zama gwanin iya magana ba. A ganina a nan ne aka fara ganin irin biyayyarsa: an kira shi zuwa aikin da ba ya so, wanda kuma bai ƙware a kai ba, ya tafi domin ya gaskata Allah ne ya kira.

Faris, 1924

Fim ɗin ya nuna kamar sai da ya kama hanyar Faransa sa'an nan ya ji cewa zagayen share fage na tseren mita 100 ya faɗo ran Lahadi. Gaskiyar magana ita ce, an fitar da jadawalin wasannin tun watanni kafin lokacin, kuma tun a sa'an nan ya shaida wa shugabannin wasanni cewa ba zai yi gudu ba. A ikilisiyar da ya tashi cikinta, Lahadi rana ce da aka keɓe ɗungum domin sujada da hutu, shi kuwa ya riƙe wannan da zuciya ɗaya. Ba tseren mita 100 kaɗai ya bari ba, har da gudun miƙa sanda guda biyu, domin su ma sun taɓa Lahadi. Waɗansu jaridu da waɗansu manya suka zarge shi da cewa ya juya wa ƙasarsa baya. Ni a wurina wannan ya fi na fim ɗin nauyi. Cewa a'a sau ɗaya cikin zafin zuciya abu ne mai sauƙi. Amma a yi wata da watanni ana lallashi, ana zargi, ana nuna maka lambar zinariya tana wucewa, kai kuwa kana nan a kan bakanka ba tare da faɗa ko zagin kowa ba, wannan sai mai zurfin bangaskiya. Bai kuwa taɓa kushe sauran Kirista da suka yi gudu a ranar ba.

Maimakon ya zauna yana baƙin ciki, sai ya shiga horon tseren mita 400, wanda ba a nan aka san shi ba. An yi share fagen mita 100 ran Lahadi 6 ga Yuli ba tare da shi ba, washegari abokin wasansa Harold Abrahams ya ci zinariyar. Eric ya sami lambar tagulla a mita 200, bayan Amurkawa biyu. Ran Juma'a 11 ga Yuli aka yi tseren ƙarshe na mita 400 a filin wasa na Colombes. Da safiyar ranar wani mai yi wa 'yan wasa tausa ya miƙa masa 'yar takarda wadda ke tuna masa da alkawarin da ke cikin Littafin Sama'ila na Fari, sura 2 aya 30. Ƙuri'a ta ba shi layin da ke can gefe, inda ɗan tsere ba ya ganin abokan karawarsa. Ya tashi da gudu tun daga farko kamar mai tseren mita 200, masana suna jiran ƙarfinsa ya ƙare, ƙarfin kuwa bai ƙare ba. Ya gama cikin sakan 47.6, ya kafa sabon tarihi a wasannin Olamfik.

Kafin mako ya zagayo ya karɓi digirinsa a Edinbara, aka naɗa masa rawanin ganye, ɗalibai suka ɗauke shi a kafaɗa suka zaga gari da shi. Yana da shekara 22, duniya ta buɗe masa ƙofofinta, wasannin Olamfik na 1928 kuma suna jiransa. Sai ya sanar cewa zai koma ƙasar Sin aikin mishan.

Malamin makaranta a Tianjin

Ya yi shekara guda yana karatun tauhidi a Edinbara, kana a 1925 ya hau jirgin ƙasa ya ratsa Saberiya zuwa ƙasar haihuwarsa. Aikin da aka ba shi shi ne koyar da kimiyya a wata kwalejin mishan ta samari a Tianjin, tare da kula da wasanni da makarantar Lahadi. Ya yi shekara 12 a kan wannan aiki. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san abin da ke ciki: shirya darasi da dare, duba tulin littattafan ɗalibai, maimaita abu guda ga yaron da bai gane ba, ga kuma koyon harshen Sinanci da ya manta tun yana ƙarami. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi a Faris ya koma yana kiran suna a aji kowace safiya, ba a kuwa ji ya yi gunaguni ba.

A hutunsa na farko a Sikotilan aka naɗa shi fasto a shekarar 1932. A 1934 ya auri Florence Mackenzie, 'yar waɗansu 'yan mishan daga Kanada, wadda ta yi karatun jinya a Toronto. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyu a Tianjin, gida ya yi daɗi.

Ƙauye da yaƙi

A shekarar 1937 yaƙi ya ɓarke tsakanin Japan da Sin. A shekarar ce kuma hukumar mishan ta nemi Eric ya bar kwaleji ya koma Siaochang, inda ake ƙarancin ma'aikata, wansa Rob kuma yana likita a asibitin mishan. Wurin ba ya zaunuwa ga mace da ƙananan yara, saboda haka zuwansa na nufin rabuwa da iyali na watanni a jere. Ya daɗe yana addu'a a kan maganar, daga bisani ya amsa. Aikinsa shi ne zaga ƙauyuka, wani lokaci a keke wani lokaci a ƙasa, yana ƙarfafa ƙananan ikilisiyoyi, yana kwana inda dare ya yi masa, yana cin abin da talakawa suke ci. Yankin kuwa yana tsakanin sojojin Japan, da mayaƙan Sin, da 'yan fashi, ga yunwa ga ambaliya.

Akwai wani abu da ya faru a lokacin wanda ya isa misali. Labari ya zo cewa wani mutum da aka ji wa rauni yana kwance kwana da kwanaki a wani tsohon ɗakin bauta mai nisa da asibiti, ba wanda ya yarda ya ɗauko shi don tsoron sojojin Japan. Wani mai amalanke ya ce zai je in dai Eric zai raka shi. A daren da suka kwana a hanya Eric ya kasa barci, yana tunanin abin da zai faɗa idan suka yi kiciɓis da sojoji. Ya buɗe Sabon Alkawari ya karanta Luka sura 16 aya 10, wadda ke magana a kan riƙon amana cikin ƙaramin abu, hankalinsa ya kwanta. Da suka ɗauko majinyacin sai aka gaya musu akwai wani kuma a wani ƙauye, wanda aka sara da takobi a wuya aka bar shi a kan ya mutu. Suka ratse suka ɗauko shi ma. Na farkon ya rasu a asibiti, na biyun kuwa ya warke, ashe mai zanen hotuna ne, daga baya ya karɓi bangaskiya.

A farkon 1941 sojojin Japan suka kori 'yan mishan daga Siaochang, alamu kuma suka nuna yaƙin zai faɗaɗa. Florence tana da juna biyu. Suka yi shawara ita da yaran su tafi Kanada, shi ya tsaya tare da masu bi, da fatan za a sake saduwa ba da daɗewa ba. A watan Mayu ya raka su har cikin jirgin ruwa. Wannan ce ganawarsu ta ƙarshe. 'Yarsu ta uku da aka haifa a Kanada a watan Satumba ba ta taɓa ganin mahaifinta ba.

A nan ya kamata mu tsaya mu faɗi gaskiya. Akwai mai cewa hakkin iyali ya fi ƙarfin hakkin aiki, ya kamata ya bi matarsa. Ba na ɗaukar wannan magana da wasa, domin kuɗin biyayyar nan ba shi kaɗai ya biya ba, Florence ta biya, 'yan mata uku da suka tashi babu uba su ma sun biya. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, shawarar ta su biyu ce, kuma ya tsaya ne a lokacin da tsayawar ba ta da riba ko suna, alhali masu bi 'yan Sin da yake yi wa hidima ba su da wata Kanada da za su gudu zuwa.

Sansanin Weihsien

A watan Disamba na 1941 Japan ta shiga yaƙi da Amurka da Birtaniya, aka taƙaita zirga-zirgar Turawan Tianjin, aka hana taron da ya wuce mutum 10. Eric ya shirya yadda za a riƙa kwafar wa'azi ana rabawa gida gida, mutane kaɗan kaɗan suna taruwa shan shayi suna karantawa. A watan Maris na 1943 aka kwashe su zuwa sansanin Weihsien a lardin Shandong, wanda a da harabar wata mishan ce ta Amurkawa. Kusan mutum 2,000 aka cusa a wurin: 'yan kasuwa, malamai, fada-fada da sistoci, mawaƙa, mashaya, tsofaffi da jarirai. A watan Satumba aka ƙaro ɗaliban makarantar kwana ta Chefoo, yawancinsu ba tare da iyayensu ba.

Masu iya magana sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A sansanin nan miya ta ƙare ƙaf. Karin kumallo kunun dawa ne, nama sai wanda ya fara lalacewa, yara kuwa ana daka musu ɓawon ƙwai su haɗiya don ƙashinsu ya yi ƙwari. Lokacin sanyi sai an cuɗa garin kwal da laka an dunƙula kafin a sami abin hura wuta. Wani matashin malami Ba'amurke, Langdon Gilkey, wanda daga baya ya zama shaihin malami a Jami'ar Shikago, ya rubuta littafi mai suna Shantung Compound a 1966 a kan zaman da suka yi. Ya ba da labarin yadda mutane masu mutunci suka koma satar kwal da faɗa a kan taƙin wurin kwana, da yadda waɗansu Amurkawa suka nemi su riƙe kayan agajin da aka aiko su kaɗai, har da masu wa'azi cikin masu kare wannan son kai. Gilkey bai raga wa 'yan mishan ba ko kaɗan, amma da ya zo kan Eric, wanda ya sauya wa suna a littafin, sai ya shaida cewa bai taɓa saduwa da wanda ya kusanci tsarkaka kamarsa ba.

Me ya yi har ya sami wannan shaida? Ba wani abin al'ajabi. An ba shi kula da gine-gine biyu na kwana, shi ke tabbatar da kowa ya fito lokacin ƙirga. Yana koyar da lissafi da kimiyya, da yake kuma babu littattafai sai ya zauna ya rubuta littafin kemistiri da hannunsa. Yana ɗebo wa tsofaffi da marasa lafiya ruwa, yana ɗauko musu kwal. Akwai wata mace 'yar Rasha da kowa ke ƙyama saboda sana'ar karuwanci da ta yi, shi ne ya je ya kafa mata kanta a ɗakinta, ta kuwa shaida cewa shi ne namiji na farko da ya yi mata alheri bai nemi kome a wurinta ba. Da zaman banza ya fara lalata tarbiyyar samari da 'yan mata, shi ne kan zauna da su da maraice ana wasan dara irin ta Turawa, ana sassaƙa ƙananan jiragen ruwa. Sandunan wasan hoki idan sun karye shi ke ɗaure su da tsummokin da ya yage daga labulensa da zanen gadonsa. Yaran suna kiransa Kawu Eric, suna kuma yawan ƙwanƙwasa ƙofarsa har abokin ɗakinsa ya rataya allon da ke nuna ko yana nan ko ya fita.

Tushen duk wannan yana cikin sa'a guda da ba kowa ke gani ba. Kowace asuba, kafin sauran su farka, yakan kunna 'yar fitilar aci-bal-bal ta man gyaɗa, shi da abokin ɗakinsa su karanta Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a, su tsara aikin yini. Ya rubuta wani ɗan littafi na jagora ga masu bi, wanda aka buga a 1985 da sunan The Disciplines of the Christian Life. Jigon koyarwarsa shi ne, sanin Allah ta hanyar biyayya yake zuwa: wanda ya aikata ɗan abin da ya riga ya sani za a ƙara masa haske. Yakan auna kansa da ma'auni huɗu, wato gaskiya, da tsarki, da rashin son kai, da ƙauna, yana kuma yawan komawa ga Wa'azin Kan Dutse a Matiyu sura 5 zuwa 7.

Sai kuma maganar Lahadi ta sake tasowa. Yaran sansanin suka roƙe shi ya yi musu alƙalancin wasan hoki ran Lahadi, ya ƙi. Suka je suka yi abinsu babu alƙali, wasa ya ƙare da dambe. Lahadi ta gaba sai ga Eric a fili yana alƙalanci. Mutumin da ya bar zinariyar Olamfik saboda wannan rana ya fito cikinta domin kada yaran da ke tsare su ji wa juna rauni. Wani zai ce ya saɓa wa kansa. Ni kuwa ina ganin a nan ne aka gane wanda yake yi wa biyayya tun farko. Da sunansa yake karewa, da ba zai taɓa fitowa ba, domin duniya ta san shi da ƙin wasa ran Lahadi. Abin da ya ƙi yi don ɗaukakar kansa ya yarda ya yi don lafiyar yaran wasu, mai so kuma ya duba Markus sura 2 aya 27 ya ga dalilin da Yesu ya bayar na ranar hutu.

Rasuwarsa

Wajen ƙarshen 1944 ya fara fama da matsanancin ciwon kai, ƙarfinsa ya ragu, maganarsa ta fara sarƙewa. Likitocin sansanin suka zaci gajiya ce da yawan tunani. 'Yan makonni kafin ƙarshe ya ba wani saurayi, Stephen Metcalf, tsofaffin takalmansa na gudu domin nasa sun yayyage ga kuma sanyi. Wannan saurayi ya taɓa jin Eric yana koyar da cewa umarnin ƙaunar maƙiyi ya haɗa har da sojojin Japan da ke gadinsu, kuma ya kamata a riƙa yi musu addu'a. Ran 21 ga Fabrairu, 1945, Eric ya rasu a asibitin sansanin. Ma'aikaciyar jinyar da ke kansa, Annie Buchan, ta shaida cewa maganarsa ta ƙarshe a kan miƙa kai ga Allah gaba ɗaya ce. Binciken da aka yi bayan rasuwarsa ya nuna ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Sai bayan fiye da wata biyu labari ya kai ga matarsa a Kanada. Ran 17 ga Agusta na shekarar sojojin laima na Amurka suka 'yantar da sansanin.

Metcalf yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarsa, daga baya kuma ya yi kusan shekara 40 yana aikin bishara a ƙasar Japan. A 1991 Jami'ar Edinbara ta kafa dutsen tunawa da Eric a inda sansanin yake a da. A 2024, shekara 100 cif bayan nasararsa, wasannin Olamfik suka koma Faris, aka kuma yi gasar hoki a filin nan na Colombes.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, da wuya a sami wani cikinmu da za a ce ya zaɓa tsakanin bangaskiyarsa da lambar zinariya. Amma abin da ya cika kwanakin Eric Liddell irin abin da ya cika namu ne. A aikin gwamnati da nake yi, jarrabawar takan zo ne da siffar fayil ɗin wani tsoho ɗan fansho da ya taso daga ƙauye da kuɗin motar da ya ranta, ko sa hannu a littafin zuwa aiki da ainihin lokacin da mutum ya iso, ko ambulan ɗin na goro da aka tura ƙarƙashin takarda. Ga malami, ita ce littattafan ɗalibai da ke jiran dubawa. Ga ɗan kasuwa, mudu ne da sikeli. Ga mai gida, ita ce yadda yake magana da matarsa da yaran gidansa sa'ad da ba baƙo. Mukan so mu ajiye biyayyarmu sai babbar rana ta zo, alhali wanda bai saba riƙe amana a kan kwabo ba, ba zai iya ba ranar da aka ɗora masa fam dubu.

Ba na cewa kowane mai bi sai ya ɗauki ra'ayin Eric game da Lahadi, domin ikilisiyoyi sun bambanta a kan wannan. Abin koyi shi ne zuciyar da ba ta rabu biyu ba, wadda ke neman nufin Allah tun da asuba, ta kuma aikata shi kafin rana ta faɗi, ko aikin ɗaukar bokitin ruwa ne. Ina roƙon waɗanda suke da 'ya'ya ko ƙanne a makaranta su ba su wannan tarihi su karanta, musamman masu sha'awar wasanni, su san cewa zakaran da ya fi kowa gudu a zamaninsa an fi tunawa da shi saboda halinsa.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana cikin ƙanana da manyan al'amura, ya albarkaci ƙungiyarmu da makarantar da ta rene mu, amin.